Tambaya: tutar kare kwatabak a NFL, lafiyar ɗan wasa take tsarewa ko jarin masu kulob?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu bin ƙwallon Amurka ce, gasar NFL, musamman 'yan'uwanmu mazauna can da ke kallo da rana tsaka, ba irinmu masu hana ido barci ba. Dokar nan da ta hana a yi wa kwatabak mugun kayi, lafiyar ɗan wasa take tsarewa da gaske, ko an yi ta ne don kada masu kulob su tafka asara?

Ga wanda bai saba da wasan ba: kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo ya jefa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma. Masu tare gida kuwa babban burinsu su cim ma kwatabak su kayar da shi tun ƙwallon na hannunsa. In alƙali ya wurgo tutarsa rawaya ya ce an yi wa mai jifa keta, sai a ba su kyautar yadi 15, a kuma sabunta musu damar nan huɗu. A ƙarshen wasa wannan tuta ɗaya tana iya zama wasan gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mako na biyar na kakar 2022. Ranar Lahadi 9 ga Oktoba, Atlanta ta je Tampa Bay. An fara yi musu 21 da nema, suka farfaɗo har ya koma 21 da 15. Saura kamar minti uku, Tampa na kan dama ta uku, sai Grady Jarrett na Atlanta ya kutsa ya rungumo Tom Brady, kwatabak ɗin Tampa, ta ƙugu, ya juya da shi suka zube tare. Bai taɓa kansa ba, bai sa hular kwano ba, bai nufi gwiwa ba. Da an bar shi, dole Tampa ta sallama ƙwallo, Atlanta ta samu damar ƙarshe. Alƙali Jerome Boger ya jefa tuta, ya ce wai an maka shi da ƙasa ba gaira ba dalili. Tampa ta riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare. Abin dariyar, daga baya Brady aka ci tara, saboda ya kai wa Jarrett ƙafa suna kwance.

Washegari da dare, Kansas City da Las Vegas. Chris Jones na Kansas City ya zo wa Derek Carr, kwatabak ɗin Las Vegas, ta baya, ya fizge ƙwallon tun suna sama, suka faɗo ƙwallon na hannun Jones, har ya dogara ɗaya hannun a ƙasa don ya rage nauyi. Alƙali Carl Cheffers ya ce ya danne mai jifa da dukkan nauyinsa. Wane mai jifa, alhali ƙwallon ma ba ta hannunsa? Mutumin da ya kusa kilo 140 yana gudu da iya ƙarfinsa, ina ake so ya ajiye jikinsa?

Na bi asalin wannan magana ta nauyi. A Oktoban 2017 Anthony Barr na Minnesota ya faɗo kan Aaron Rodgers, kwatabak ɗin Green Bay, ƙashin wuyansa na gefen kafaɗa ya karye, Green Bay ta lalace a wannan kakar. Ba a jefa tuta ba, don a lokacin ba a ɗauke shi laifi ba. Shekara na zagayowa aka tsananta dokar. Clay Matthews na Green Bay ya sha tuta mako uku a jere a farkon kakar 2018. Ta mako na biyu ta soke ƙwallon abokan hamayya da abokin wasansa Jaire Alexander ya cafke, wadda da ta kashe wasan, aka tashi 29 da 29 da Minnesota. A mako na uku kuma William Hayes na Miami ya yi ƙoƙarin kauce wa danne Derek Carr ɗin nan dai, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare nan take. Wato dokar kare lafiya ta ceci ɗaya ta karya ɗaya.

Kuma duba jerin: Carson Palmer ya ji rauni a gwiwa a Janairun 2006, aka hana dukan kwatabak ta ƙasa. Bernard Pollard ya samu gwiwar Brady a wasan farko na 2008, aka ƙara ɗaure dokar a 2009. Rodgers ya karye, aka zo da maganar nauyi. Kullum sai tauraro ya kwanta doka ke fitowa. Yanzu sama haram, ƙasa haram, tsakiya ma sai ka yi a hankali. Kamar a ce wa ɗan kokawa ya ɗaga abokin karawarsa sama, sannan ya sauke shi yadda ake sauke kiret ɗin ƙwai.

Ni a ganina kuɗi ne. Dak Prescott, kwatabak ɗin Dallas, dala miliyan 60 yake ɗauka a shekara, kwangilar talabijin da aka sa wa hannu a 2021 ta haura dala biliyan 100, kuma ba wanda zai zauna kallon kwatabak na benci. To in kuɗi ne a ce kuɗi ne. Ko akwai abin da ban gane ba?

Baban Hanifa, Houston:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni a garin nan nake neman abinci, ƙungiyar garin, Texans, nake yi, kuma har gobe ban huce da wasan 18 ga Janairun 2025 ba.

Mun je Kansas City a zagayen kifa ɗaya ƙwala. Tun zangon farko Will Anderson namu ya isa ga Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City Chiefs, a dama ta uku, jifan bai shiga hannun kowa ba, mun tsayar da su ke nan. Sai tuta. Alƙali Clay Martin ya ce an bugi fuskar hular Mahomes da ƙarfi. Aka maimaita hoton a hankali, kowa ya ga shafa ce. Suka ci maki uku daga nan. A zango na uku, muna 12 suna 13, Mahomes ya ruga da ƙwallo ya ƙi zamewa sai da mutanenmu biyu suka riga suka sako jiki, Henry To'oTo'o da Folorunso Fatukasi. Junansu suka fi bugawa. Wata tutar, yadi 15, ƙarshenta Kelce nasu ya ci. Troy Aikman da ke sharhi, shi kansa tsohon kwatabak ne da bugun kai ya wahalar, sai da ya kasa haƙuri ya soki hukuncin a kan iska. A wannan harin dai Mahomes ya zo bakin layi ya rage gudu da gangan, aka ɗan taɓa shi ya watsa jiki waje yana neman wata tutar. Wannan ba a ba shi ba, shi ma daga baya ya yarda bai kamata ya yi ba. Amma ka ga inda aka kai wasan: an koyi farautar tuta.

Zamewar nan ita ce babbar matsala. Doka ta ce in kwatabak ya zame da ƙafa gaba ya miƙa wuya, kada a taɓa shi. Madalla. To wanda ya jira sai ka taso sannan ya zube fa? Ban ce kowane lokaci laifin mai zamewa ba ne. Abin da Azeez Al-Shaair namu ya yi wa Trevor Lawrence, kwatabak ɗin Jacksonville, ranar 1 ga Disamban 2024 ba shi da kyau, ya sa masa dantse a fuska yana zame, aka kore shi, aka dakatar da shi wasa uku, shi ma ya fito ya ba da haƙuri. Ban yi gardama ba. Amma ka kwatanta da Joe Mixon, mai ruga mana da ƙwallo a lokacin, wanda ba kwatabak ba ne. A mako na biyu na wannan kakar, T.J. Edwards na Chicago ya yi masa kayin nan da aka haramta a Maris ɗin 2024, wanda mutum ke riƙo ka ta baya ya saki nauyinsa a kan ƙafafunka. Idon sawun Mixon ya tafi, ya yi makonni ba ya wasa. Ina tuta? Babu. Sai daga baya aka aika wa Edwards takardar tara. Da Mahomes aka yi wa haka, da tutoci uku za ka gani a ƙasa.

Sannan tun da kotun ƙoli ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, NFL ɗin da da take gudun 'yan caca ta koma ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca irin su DraftKings da FanDuel. Ban ce an sayar da wasa ba. Amma wanda ya zauna da masu caca kada ya yi mamaki in an zarge shi.

Maman Iman:

Sannunku. Ni ba Texans nake yi ba, ba Chiefs ba, maigida ne mai kallo, ni kuma aikin jinya nake a sashen gaggawa, don haka ta wannan ɓangaren zan shigo.

Ɗan Fagge, ka ba da labarin Jarrett amma ka tsallake abin da ya faru kwana goma kafin nan. Ranar 25 ga Satumban 2022 Tua Tagovailoa, kwatabak ɗin Miami, ya faɗi ta baya a wasansu da Buffalo, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya tashi yana tangaɗi, aka ce bayansa ne, aka maido shi fili. Bayan kwana huɗu, daren Alhamis a Cincinnati, Josh Tupou ya rungumo shi ya juya da shi ya maka da ƙasa. Hannayensa suka sandare a gaban fuskarsa, yatsunsa suka murɗe. Duk wanda ya yi aiki inda ake kawo masu haɗarin babur ya san wannan alama, kuma ba ya son ganinta. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi. Aka sallami likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa da ya duba shi a wasan farko, kuma a ƙarshen makon da Jarrett ya yi nasa kayin aka gyara ƙa'ida: duk wanda aka ga yana tangaɗi ba zai koma wasa ba a ranar. Je ka sake kallon kayin Jarrett, sannan ka kalli na Tupou. Juyin iri ɗaya ne, ƙarfin ne ya bambanta. Boger yana da ido, yana da talabijin a gida. Ban ce hukuncinsa daidai ne ba, na ce ba daga sama ya faɗo ba.

Mutane suna ganin hular kwano sai su ɗauka an gama. Hula ƙashin kai take karewa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana shawagi ne a cikin ruwa, in kai ya tsaya cak ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki. Kwatabak kuma idonsa na can gaba yana neman wanda zai jefa wa, hannunsa a sama, haƙarƙarinsa a buɗe, bai ga mai zuwa ba balle ya ɗaure jiki. Don haka ba shi kariya ta musamman ba son kai ba ne zalla.

Kuma ka san ɗan Najeriya ne ya fara tona wannan asiri? Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002 yana aikin binciken gawa a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga cutar da ake kira CTE, wadda bugun kai a kai a kai ke haddasawa, ya wallafa a 2005. Likitocin NFL suka nemi a janye rahoton. A 2013 NFL ɗin ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta kotu, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka samu cutar a 110. A yi hattara da wannan adadi, domin iyalan da suka ba da gawarwakin yawanci sun riga sun ga alamu. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na yarda da kai shi ne nan. Mike Webster ba kwatabak ba ne. Shi ne na tsakiyar layi, mai miƙa ƙwallo, wanda ke karo da kai a kowane wasa ba tare da kowa ya lura ba. Babu tutar da ke kare irinsa, don karon nasu shi ne wasan. Ryan Shazier ya ji rauni a laka a Disamban 2017 yana kai kayi da kansa a sunkuye, shi ya sa aka hana sunkuyar da kai a 2018, wannan doka ce mai kyau kuma ta shafi kowa. Amma hukumar da ke cewa lafiya ce gaba da komai ita ce ta ƙara wasanni daga 16 zuwa 17 a 2021, ita ce ke sa mutum ya buga Lahadi ya sake bugawa Alhamis. Tua ai hutun kwana huɗun nan ne ya haɗa da shi.

Ɗan Fagge:

Anti na gode, Allah ya ƙara basira. Amma Tupou ai ba a jefa masa tuta ba. Kayin da ya kai mutum asibiti ya wuce lafiya, wanda Brady ya tashi ya karkaɗe riga shi ne laifi. Wannan kaɗai bai isa hujjata ba?

Tsohon Rafli, Zariya:

Yaro, hujjarka ce, amma ba kan abin da kake zato ba. Bari in yi magana da bakin masu usur, tun da na busa shi a wasannin makarantu har gwiwa ta ce in zauna. Ƙwallon ƙafa tamu ce na yi, ba ta Amurka ba, sai dai ido ɗaya ne.

Ku kuna kallo daga kyamarori da yawa, a hankali, sau biyar. Alƙalai bakwai ne a filin NFL, mutum 22 suna gudu, kuma mai farar hula, wanda aka ɗora wa kula da kwatabak, yana tsaye ne a bayansa. Daga baya, in hula ta zo kusa da hula kuma kai ya yi baya, bugu ka gani. Ba ka da hanyar sanin shafa ce. Sannan ga abin da ba ku ambata ba, kuma shi ne gindin maganar: littafin dokokinsu ya rubuta ƙarara cewa in alƙali yana shakka a kan keta ga mai jifa, to ya jefa tuta. A mafi yawan hukunci ana koya wa alƙali kada ya busa sai ya tabbata. Nan an juya masa ita. To mutumin da aka ce in kana shakka ka hukunta, ana kuma ba shi maki kowane mako, da makin ake zaɓen masu alƙalancin wasannin ƙarshe, me kuke so ya yi? Masu kulob 32 ne ke kaɗa ƙuri'a a kan doka, sai 24 sun yarda take zama. Su suka rubuta, Boger ya karanta. In za a zagi wani a zage su.

Baban Hanifa, ka yi haƙuri, maganar gata ga Chiefs ba ta zauna mini ba. Chris Jones da ƙanenka ya kawo misali ɗan wace ƙungiya ne? Chiefs, a filinsu, a gaban mutanensu. Kuma a wasan naku an kayar da kwatabak ɗinku C.J. Stroud sau takwas, mai bugunku ya zubar da bugu, an tare masa wani. Clay Martin bai yi wannan ba. Bayan mako uku Philadelphia ta yi wa Chiefs ɗin 40 da 22 a wasan kofi, ina gatan ya shiga?

Akwai kuma tutar da ke da zafi amma daidai ce. Joseph Ossai, yaronmu haifaffen Legas da ke yi wa Cincinnati wasa a lokacin, ranar 29 ga Janairun 2023. Ana 20 da 20, saura daƙiƙoƙi, Mahomes ya riga ya taka waje da ƙafa biyu, Ossai ya ture shi. Yadi 15 suka matso da bugun Harrison Butker zuwa yadi 45, ya ci, Chiefs suka wuce. Yaron ya zauna a benci yana kuka, kuma ya yi wasa mai kyau a ranar, na tausaya masa ƙwarai. Amma da ni ne da tutar, da na jefa. A bakin layi akwai benci, akwai mutane a tsaye, wanda ya fita ya saki jiki. Shi kansa Ossai sai da ya ji ciwo a gwiwa a faɗuwar.

Masu cewa a bar yara su yi wasa, a haɗiye usur a ƙarshen lokaci, ku tuna New Orleans, 20 ga Janairun 2019. Ana 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu, Nickell Robey-Coleman na Rams ya yi wa Tommylee Lewis na New Orleans Saints karo tun ƙwallo ba ta iso ba, kuma hula da hula. Laifi biyu a lokaci ɗaya, ba tuta ko ɗaya. Da an jefa, Saints su cinye lokaci su buga su tafi wasan kofi. Rams suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Daga baya hukuma ta ci shi tarar dala 26,739, wato ta yarda da bakinta an yi laifi. Tarar ta dawo wa Saints da me?

Saboda wannan aka ce a kakar 2019 a riƙa duba bidiyo kan tare mai karɓar ƙwallo. Shekara ɗaya aka yi aka watsar, don masu duba bidiyon sun ƙi juya hukuncin abokan aikinsu sai nadiran. Yanzu sun bi ta wata hanya: akwai mai taimako a ɗakin bidiyo da zai iya cewa a ɗauke tuta in hoto ya nuna ƙarara ba a taɓa kai ba, kuma a 2025 aka faɗaɗa masa iko. Sai dai ɗauke tuta kawai yake iyawa, ba ya iya jefa wadda ba a jefa ba. A Oktoban 2024 Byron Young na Rams ya kamo ƙarfen fuskar hular Sam Darnold ya murɗe masa wuya a gaban duniya, a ƙarshen wasa, alƙalai ba su gani ba, mai bidiyo ya gani amma bakinsa a ɗaure. Darnold ai kwatabak ne. To in kare kwatabak ne kawai manufar, wannan fa?

Ni abin da nake so biyu ne. A ba na ɗakin bidiyo cikakken iko a kan duk abin da ya shafi kai da wuya, ya jefa ya ɗauke. Sannan a mai da alƙalan ma'aikatan dindindin. Har yanzu yawancinsu suna da wata sana'ar a tsakiyar mako. Ed Hochuli, da ya yi shekaru yana sa farar hula, lauya ne. Harkar biliyoyin daloli, a ce mai hukunci aikin ƙarshen mako yake yi.

Baban Hanifa, Houston:

Baba, na ji, kuma ba zan yi jayayya da ku a kan Stroud ba, layinmu ya yi ta yoyo a ranar. Amma ku ma kun san fili: akwai ɗan wasan da in ya faɗi ya ɗaga hannu, alƙali kan duba aljihunsa, akwai wanda ko kallo bai isa ba. Cam Newton ya yi ta kuka da wannan a 2016, ana dukansa a kai ana cewa ai ƙato ne. Shakkar da kuka ce littafi ya ba da umarni a kanta, ba kowa take samu daidai ba.

Ɗan Fagge:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar "in kana shakka ka jefa" ta canza mini inda zan nuna yatsa, amma ba ta canza ra'ayina kan kuɗi ba, sai ma ta ƙarfafa shi. Masu kulob ne suka rubuta jumlar, kuma a ƙarƙashin kariyar mai jifa suka rubuta ta. Mixon da aka ji wa rauni a ƙafa da haramtaccen kayi, alƙalai aka bari su tabbata tukuna. Na tsakiyar layi da Anti ta ambata ba shi da ko jumla ɗaya.

Abin da na ɗauka daga bayanin Anti shi ne a raba abu biyu da aka cusa a buhu ɗaya. Bugun kai, bugun wuya, dukan gwiwa, juya mutum a maka ƙeyarsa da ƙasa irin na Tupou: waɗannan a jefa tuta, a kori mutum ma in ta kama, ko kwatabak aka yi wa ko wani. Amma maganar nauyi, a ce ƙato ya rungumi mutum ta ƙirji sun faɗi tare, wannan ba abin da ido zai auna cikin rabin daƙiƙa ba ne. Hukumar tana da ofishin da ke kallon kowane wasa bayan an tashi, Jon Runyan ke aika takardun tara, kuma akwai tsofaffin 'yan wasa irin su Derrick Brooks da ke sauraron ɗaukaka ƙara. Haka suka tafiyar da kayin da ya ji wa Mixon rauni kusan duk kakar 2024: tuta da ƙyar, tara da yawa. Me zai hana a mai da dokar nauyi can? Wanda ya danne mutum da mugunta a taɓa albashinsa, in ya maimaita a dakatar da shi, amma kada a ƙwace wa Atlanta damarta ta ƙarshe a kan zato.

Na san abin da za ku ce, Baba, don kun riga kun faɗa: tarar Robey-Coleman ba ta dawo wa Saints da komai ba. To amma can laifi ne da kowa ya gani ban da alƙalai, nan kuma laifi ne da ba wanda ya gani sai alƙali. In aka ba na ɗakin bidiyo ikon da kuke nema, kuna ganin zai iya kallon hoton Chris Jones ya ce wa Cheffers ya ɗauke tutarsa, ko shi ma zai yi abin da na 2019 suka yi?